Umarnin da Na Fassara da Hannuna

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma jawabi. Kafaɗuna kamar na wuni ɗaukar ruwa. Shugaban ƙasa ya yi dogon bayani a kan farashin taki, ni kuma ina tsaye a gefe ina mayar da shi maganar hannu saboda kurame. A talabijin cikin wani ɗan akwati nake fitowa a kusurwar allo, 'yar mitsitsiya. Yarana suna faɗa wa abokansu wai babarsu ce ta fi kowa kusa da shugaban ƙasa. A allo dai haka ne.

Muna naɗe kaya Tsoho mai kamara ya ɗauko labarinsa na da. Tun ina firamare yake ɗaukar shugabanni. Ya ce na farkon da ya ɗauka da ƙafarsa yake zuwa gidan talabijin, ya zauna a benci yana jira a gama labarai kafin a ba shi fili, kuma maganarsa duk "ina roƙon majalisa ta duba". Yanzu mu ke kwasar kaya mu zo fada, a karɓe mana wayoyi a ƙofa, mu yi ta zaman jira. Na ce ai zamani ne. Ya ce zamani ne kam, amma in tuna yaushe rabon da in yi alamar "roƙo" a gaban kamararsa. Na yi dariya. A mota na yi ta laluben ƙwaƙwalwata, ban tuna ba. "Na ba da umarni" kuwa ko ina barci zan yi ta daidai.

Da na kunna waya na ga saƙon Yaya, wana kurma: rigar da na sa ta yi haske, hannuna bai fito sosai ba. Abin da ya gani ke nan a duk jawabin.

Alhamis, 6 ga Maris

Na biya ta shagon Yaya. Garin katako har cikin girarsa. Yana haɗa gadon jariri, ya ɓoye shi bayan wasu ƙofofi don kada Amarya ta gani, alhali ita ta fara ba ni labarin gadon. Sun daɗe da aure amma har yau Amarya muke ce mata. Shi zazzaɓi ya tafi da jinsa yana yaro, ita da kurumtarta aka haife ta. Cikin ya tsufa, tana tafiya tana riƙe da ƙugu tana murmushi. Biyu sun zube a baya. Na biyun ba na son tunawa: ta yi ta nuna wa ma'aikaciyar asibiti inda ke mata ciwo, aka ba ta maganin ƙullewar ciki aka ce ta koma gida.

Wannan karon akwai Doguwa a asibitin. Ni na koya wa Doguwa aikin fassara, yanzu ta fi ni sauri. Amarya ta ce duk ranar awo sai ta tsare likita da tambayoyi har ya fara duba agogo.

Hoton shugaban ƙasa na nan a bangon shago, sama da zarto. Ba na ganin laifin Yaya. Ƙungiyar kurame, wadda shi ne sakatarenta, ta yi shekaru tana hawa da sauka a majalisa a kan a sa masu fassara a asibitoci da kotuna, ba abin da ta samu sai alkawari. Sai aka yi shekarar ambaliya, majalisa ta yi dokar ta-ɓaci, ta ba shugaban ƙasa ikon yin umarni ba sai ya jira ta ba. Da wannan ikon ya kafa hukumar masu fassara a safiya ɗaya. Aikin Doguwa daga nan ya fito. Nawa ma.

Sunan da kurame suka sa wa shugaban: yatsa biyu suna zana sa hannu a tafin hannu. Yaya in ya yi alamar sai ya ƙara da dafa ƙirji.

Lahadi, 9 ga Maris

Wanki. Ruwan famfo ya ɗauke ina tsakiyar kumfa.

Talata, 18 ga Maris

Mun ɗan taɓa da Baban yara muna karyawa. Ya ji a rediyo za a sake sabunta dokar ta-ɓaci in wa'adinta ya cika. Ya ce ruwan ambaliya ya janye tun Autarmu tana rarrafe, ga ta yanzu tana karanta masa jarida, amma ta-ɓacin bai janye ba. Da farko gyaran gadoji ne, sai ƙayyade farashi, sai ɗauko kuɗi daga wannan ma'aikata zuwa waccan, yanzu har shugabannin hukumomi shi ke naɗawa shi ke cirewa. Na ce to me ya yi maka? Ya ce bai yi masa komai ba tukuna.

Na ce ni dai ba ruwana da siyasa. Abin da aka faɗa nake maimaitawa, ba ƙari ba ragi. Kuma in mutum yana yin alheri, ina ruwan wanda aka yi wa da ta wace ƙofa alherin ya shigo? Ya ce a miƙo masa sukari. Haka yake yi in ya ga zan ci shi da baki.

Laraba, 2 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

An kira mu fada da rana. Kai tsaye ake watsawa, kuma ba a ba ni rubutun jawabin tun da wuri ba, an daina ba ni tun bara. Shugaban ƙasa ya fara da cewa aljihun gwamnati ya matse, dole a tsuke. Sai ya ce ya ba da umarnin soke ƙananan hukumomi, ya shiga jero su. Ta kula da ma'auni a kasuwa, ta tsofaffin gine-gine, ta wasannin makarantu. Hannuna na bin sa. Can a tsakiya, tsakanin wata hukumar kiwon zuma da wata ta taswira, na ji ya ce hukumar masu fassara ga kurame, kuma ma'aikatanta na asibitoci da kotuna su miƙa katinsu a ƙarshen mako.

Na yi alamar. Me zan yi? Na yi "masu fassara", na yi "asibiti", na yi "sokewa". Na san a wannan lokacin Yaya ya ajiye guduma yana kallon ƙaramar talabijin ɗin shago, Amarya tana kallo a ɗaki, Doguwa tana kallo a wurin jiran marasa lafiya. Duk daga hannuna suka ji. Shi ko numfashi bai sauya ba, ya wuce hukumar taswira.

Ni ba a taɓa ni ba. Albashina ya koma ƙarƙashin gidan talabijin tuntuni. Wannan ne ma ya fi ci mini rai.

Tsoho ya naɗe kayansa. Ya ɗauki jakata ya kai mini mota, abin da bai taɓa yi ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Manaja ya kira ni ofis. Wai daga fada an lura da fuskata jiya. Na ce masa a maganar hannu fuska rabin magana ce, ba a yi da busasshiyar fuska. Ya ce to in riƙa yin rabin da ya dace. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Kujerarsa ma da umarni aka ba shi.

Yaya bai aiko saƙo a kan rigata ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Yaya ya ce shugaban bai sani ba, na kusa da shi ne suka cusa. Da zarar ya ji zai gyara. Yana faɗa yana kallon idona kamar ni zan tabbatar masa.

Talata, 8 ga Afrilu

Na raka 'yan ƙungiya ƙofar fada. Sun sa tufafinsu masu kyau. Masu gadi sun yi mana ladabi, suka ce mu tsaya a inuwa. Da rana ta juya wani matashin jami'i ya fito ya saurare mu, ya ce zai isar. Ya tambaye ni ko ni ce ta talabijin, ya ce matarsa na son yadda nake ɗaura ɗankwali.

Lauyan da ƙungiya ta tuntuɓa ya ce ko an je kotu ba riba. Dokar ta-ɓaci ta ba shi ikon kafawa, ita ta ba shi ikon sokewa. Na fassara wa Yaya. Ya ce in sake. Na sake.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Mace ce. Tana da rai, uwarta tana da rai. Bari in rubuta wannan tukuna kafin sauran.

Ina fada tun safe, ana rantsar da sababbin shugabannin hukumomi, wayata tana aljihun mai gadi. Naƙuda ta kama Amarya kafin lokacinta, da jini. Yaya ya kai ta asibiti. Aka shige da ita, aka bar shi a baranda. Likita ya fito da takunkumi a baki yana magana da sauri, ya miƙa masa biro ya sa hannu a yi tiyata. Yaya ba ya ganin leɓensa. Likita ya rubuta masa wasu kalmomi, Yaya bai gane rubutun ba. Ya ƙi sa hannu. Ya ce mini daga baya ya zaci cire mata mahaifa za a yi, ko kuma cewa ake ya zaɓi ɗaya a cikinsu. Likitan yana ta ɗaga murya, kamar ƙara zai buɗe kunnen.

Yaya ya kira ni ta bidiyo har ya gaji. Sai ya kira Doguwa. Tana shagon yayarta tana auna wa wata shinkafa, ta bar mudu a cikin buhu ta hau babur. A ƙofar asibiti aka hana ta shiga ɓangaren haihuwa don ba ta da kati yanzu. Wata ungozoma da ta san ta ce ta kamo hannunta ta ja ta ciki, ta ce wa mai gadi ƙanwar mai jego ce. Cikin ɗan lokaci Doguwa ta yi wa Yaya bayani, ya sa hannu, ta shiga ta tsaya a kan Amarya tana faɗa mata abin da za a yi har allura ta ɗauke ta.

Da na iso da la'asar na tarar da Doguwa zaune a ƙasa, takalmanta ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya na yayarta. Muka kalli takalman, muka fashe da dariya, sai dariyar ta zama kuka.

Likitan ya zo ya same mu. Ya ce shi ma ya tsorata, da an ƙara jinkiri da labarin ya sauya. Ya tambayi Doguwa ko za ta bar masa lambarta.

Yarinyar ƙarama ce sosai, amma ta iya tsala ihu. Yaya ya ɗora tafinsa a ƙirjinta yana jin kukan da hannu.

Lahadi, 27 ga Afrilu

An sallame su. Gadon ya yi kyau, Amarya ta yi kamar ba ta taɓa jin labarinsa ba. Hoton shugaban na shago yana nan, amma Yaya ya jingina katako a gabansa. Ban tambaya ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Likitan nan ne ya haɗa mu da wata 'yar majalisa, ƙawar yayarsa. A majalisa Uwar Tambaya suke ce mata, ba don yabo ba. Ofishinta ƙarami, fanka na ƙara, ta cire takalmi ta ɗora ƙafa a kan kwali saboda kumburi. Ta saurari Yaya har ƙarshe, tana kallonsa shi, ba ni ba. Mutane kaɗan ne suka san haka ake yi.

Yaya ya ce shugaban ƙasa ya ƙwace musu abin da ya ba su. Ta ce haka ne, amma kada ya ɗora masa laifin duka. Na rubuta maganarta yadda na tuna:

"Ikon nan ba ƙwacewa ya yi ba, mu muka miƙa. Lokacin ambaliya dole ce. Bayan nan daɗi muka ji. In abu ya yi kyau mu tafa, in ya ɓaci mu ce ba mu ba ne. Na gabansa ma kowa ya tarar da kujerar ta fi yadda aka bar ta faɗi, ba kuma wanda ya rage ta."

Ta ce za ta kawo ƙudurin doka a kan masu fassara. In majalisa ta yi shi doka, ba mai soke shi da safiya ɗaya, sai an dawo zauren an yi muhawara a gaban jama'a. Yaya ya tambaya zai ɗauki wane lokaci. Ta ce zai gundure shi har ya tsane ta. Ya ce shi kafinta ne, ya saba jiran gam ya bushe.

Talata, 20 ga Mayu

Zaman kwamiti. Ba su cika ba, an ɗage.

Talata, 27 ga Mayu

Sun cika, amma suka ɓata zaman a kan ko a rubuta "kurame" ko "masu lalurar ji". Ba wanda ya juyo ya tambayi kuramen da ke zaune a bayansu, sai da Uwar Tambaya ta nuna mu da biro. Yaya ya ce su rubuta duk wanda ya fi gajarta su wuce gaba.

Na dawo gida na ce wa Baban yara yanzu na gane abin da ya sa mutane ke son mutum ɗaya mai biro. Ya ce shi ma wani lokacin yana so.

Juma'a, 6 ga Yuni

Wani mai ba shugaban ƙasa shawara ya gayyaci shugabannin ƙungiya shan shayi a otal. Mutum mai fara'a. Ya ce labarin asibiti ya kai sama, an ji ba daɗi. A mako mai zuwa za a iya fitar da sabon umarni a mayar da masu fassara, a yi ɗan biki a fada, a ɗauki hoto da jaririyar. Abu ɗaya kawai: ƙungiya ta janye goyon bayanta ga ƙudurin, don ana amfani da shi a ɓata wa gwamnati suna daidai lokacin sabunta dokar ta-ɓaci.

Ƙungiya ta rabu biyu, kuma ba wanda ya yi maganar banza. Ma'ajinsu matarsa na zuwa wankin ƙoda, ya ce shi mako mai zuwa ya sani, bai san wata doka da ba ta zo ba. Akwai wanda shari'arsa ke kotu ba mai fassara masa. Ni ma a raina na ce a karɓa. Doguwa tana auna shinkafa fa.

Asabar, 7 ga Yuni

A ɗakin Amarya aka yanke. Yaya yana ta kai da kawo yana mata bayani, tana shayarwa, hannu ɗaya kawai gare ta na magana. Ta bari ya gama. Sai ta nuna yarinyar da haɓa ta ce:

"Ranar da wannan za ta haihu, wa ke kan kujerar?"

Ya ce ai yarinyar tana ji. Ta ce 'yarta fa? Ɗan maƙwabta fa?

Ya zauna a bakin gado.

Abin da suka mayar wa mai ba da shawara: in shugaban ƙasa ya mayar da masu fassara gobe, za su gode masa a gaban kowa, har da hoton. Amma ƙuduri ba za su janye ba. Kuma kafin nan mu da muka iya aikin za mu riƙa karɓa-karɓa muna raka marasa lafiya. Ranar wankin ƙodar matar ma'aji ni na ɗauka.

Litinin, 16 ga Yuni

Sabon umarni bai fito ba. Ma'aji ba ya gaisa da Yaya.

Alhamis, 26 ga Yuni

Sauraron jama'a a majalisa. Manaja ya ce in na tsaya a can a matsayin bakin ƙungiya ba zai iya kare ni ba. Na ce ranar hutuna ce, kuma yayana ne. Ya ce bai ji abin da na ce ba, ya ci gaba da rubutu.

Yaya ya yi kwanaki yana shirya jawabi a gaban madubi, da ya miƙe duk jawabin ya gudu daga kansa. Ya fara godiya, ya sake godiya. Sai ya ajiye komai ya ba da labarin barandar asibiti kawai: takunkumin, biron, ƙofar da aka rufe. Ni ce muryarsa. Da na zo wurin "na zaci cewa ake in zaɓi ɗaya", muryata ta tsaya. Shi bai sani ba ya ci gaba, sai da na taɓa gwiwar hannunsa ya jira ni.

Wani ɗan majalisa ya tambaya daga ina kuɗin zai fito. Tambaya ce ta gaskiya. Yaya ya ce bai sani ba. Uwar Tambaya ta amsa, aka yi ta ja-in-ja da ita, ta rage wasu abubuwa: ƙananan asibitoci sai nan gaba. Na ji haushi, amma a gabanmu aka rage, mun ga wanda ya nema da wanda ya yarda.

A waje wani dattijo cikin 'yan majalisar, wanda na zaci barci yake, ya tare mu. Ya ce yana da jika kurma, bai taɓa yi masa magana ba sai shafa kai. Yaya ya koya masa "zo mu ci abinci". Ya yi ta a karkace, amma ya yi.

Laraba, 9 ga Yuli

Ba a kore ni ba. An kira mu fada.

Ana gyara fitilu, shugaban ƙasa ya shigo da wuri ya zauna. Kusa da shi na ga ya tsufa fiye da yadda kamara ke nunawa. Bai taɓa yi mini magana ba sai yau. Ya tambaya ko ni ce na yi wa ɗan'uwana baki a majalisa. Na ce ni ce, ranka ya daɗe. Ya tambayi jaririyar. Ya ce da ya bincika aka nuna masa layin da ya soke hukumar a cikin umarnin, shi bai ma tuna da shi ba, abubuwan da yake sa wa hannu a rana sun fi ƙarfin ido ɗaya. Sai ya ce da sun zo wurinsa da ya gyara a rana ɗaya.

Ban san daga ina ta fito ba. Na ce, "Mun zo, ranka ya daɗe. A ƙofa muka tsaya."

Tsoho ya sunkuya yana gyara wayar da ba ta lalace ba.

Shugaban bai yi fushi ba. Sai ya ce shekarar ambaliya mutane na kan rufin gidaje, majalisa tana muhawara a kan sunan kwamiti. Na ce gaskiya ne, na tuna. Don na tuna ɗin, kawunmu jirgin da ya aika ne ya ɗauko shi. Ya gyaɗa kai. Aka kunna jar fitila, muka fara aiki, shi da baki ni da hannu.



Talata, 22 ga Yuli

An sabunta dokar ta-ɓaci, amma ba yadda aka saba ba. Wa'adin gajere ne, kuma daga yanzu duk umarnin da zai kafa hukuma ko ya soke ta sai an kawo shi zauren. Da ƙyar gyaran ya wuce. Baban yara ya ce kaɗan ne. Na ce kaɗan ɗin da can babu shi. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce yaushe na fara siyasa?

Alhamis, 7 ga Agusta

Ƙudurinmu ya wuce. Muna sama a wurin zaman baƙi, kakaki ya buga guduma, na juya na faɗa musu. Ba a yarda a tafa a can ba, to kurame dama ba da tafi suke yi ba: hannuwa suka tashi sama suna kaɗawa, jere bayan jere, ba ƙara ko kaɗan. Mai tsaron zauren ya rasa abin da zai hana. Ma'aji yana cikinsu. Da muka fito ya dafa kafaɗar Yaya ya wuce, bai tsaya ba. Ya isa haka.

Saura sa hannun shugaban ƙasa. Uwar Tambaya ta ce in ya ƙi, akwai hanyar da majalisa za ta bi ta wuce shi, sai dai tun tana zauren ba ta ga an bi ta ba.

Litinin, 25 ga Agusta

Ya sa hannu. Ba biki, ba kamara, a labaran rana na ji kamar kowa. Doguwa za ta koma in an gama tsara albashi. Ta ce har ta fara ƙwarewa a awon shinkafa, yayarta za ta yi asarar ma'aikaciya.

Yarinyar ta fara juya kai in an rufe ƙofa. Amarya ta ce in riƙa yi mata waƙa in na zo, ita za ta koya mata sauran.

Laraba, 10 ga Satumba

Ranar hutu. Na ce wa Baban yara zan je sayo wa yara takalman makaranta. Motar da na hau ta bi ta gaban majalisa, na ga ƙofar baƙi a buɗe, na ce bari in ɗan huta daga rana.

Wani umarni aka kawo a kan masunta da wuraren da za a hana su jefa taru. Ban san kowane masunci ba. Suna zaune a gabana su da yawa, da ganin wasu yau suka fara shiga ginin, ba su san lokacin da ake miƙewa ba. Na nuna wa wata mata wane ne shugaban kwamiti, da Uwar Tambaya, wadda za su tare in an tashi. Wakilin unguwarmu bai zo ba. Na tambayi ofishinsa, aka ce ya yi tafiya. Na ce zan dawo.

Ba wai wani abu ba ne. Wurin akwai sanyi, kujerun kuma ba laifi.

An ɗage zaman zuwa Laraba mai zuwa. Takalman ma sai ranar.